Ilhama da Matsayinta a Aikin Fasaha

Ilhama ita ce abin da ke faɗo wa mutum a zuciya ba tare da ya san hanyar da ya biyo ba. Mawaƙi yana tafe cikin kasuwa sai amshi ya zo masa haɗe da karinsa. Marubuci ya kwana uku labari ya cije masa, yana cikin alwalar asuba sai ya ga inda zai ɓullo. Maɗinkin hula ya dubi inuwar ganye a jikin bango sai ya hango zanen da bai taɓa yi ba. Kalmar daga Larabci ta zo, kuma tushenta yana da alaƙa da haɗiya, kamar an sa wa mutum abu a baki ya wuce bai tauna ba. Ta Turawa kuwa daga Latin take, daga hura iska, wato wani ne ya huro, mai fasaha sarewa ce kawai. Harsunan biyu sun haɗu a kan cewa mai ilhama karɓa yake yi.

Hausa tana da kalmomi makusanta da akan cakuɗa. Baiwa ita ce abin da aka haifi mutum da shi, kamar zaƙin murya ko kunnen da ke kama kari. Basira kaifin ganewa ce. Fasaha gwanintar sarrafa abu ce, kuma ana koyonta. Ilhama ta fita daban domin ba mazauniya ba ce, baƙuwa ce, zuwa take yi ta wuce. Malaman Musulunci sun kuma shata iyaka tsakaninta da wahayi. Wahayi na annabawa ne, kuma an rufe ƙofarsa. Ilhama kowa na iya samu, amma mafi yawan malaman usulu ba su ɗauke ta hujja a shari'a ba, saboda mai ita ba shi da wata shaida sai abin da ya ji a ransa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta zuciya da tafki: ana iya cika shi da ruwan da magudanai ke kawowa daga waje, wato gani da ji da karatu, ana kuma iya haƙa ƙasansa har idon ruwa ya ɓullo daga ciki. Ilimin sufaye yake nufi, ba waƙa ba, amma tambayar da misalin ya ɗauko ita ce dai wadda masu nazarin fasaha suke ta juyawa: daga ina ruwan yake zuwa?

Amsar da ta fi daɗewa ita ce daga waje yake. Larabawan Jahiliyya sun ɗauka kowane babban mawaƙi yana da aljanin da ke sanya masa baitoci a baki, har sunaye suka ba su, na A'asha ana ce masa Mis'hal. Sun kuma ce akwai wani kwari mai suna Abƙar inda aljannu ke zaune, daga nan kalmar abƙari ta fito, wadda har yau Larabawa ke kiran haziƙi da ita. Girkawan da kuwa alloli mata tara suka raya, suka raba musu fannonin fasaha, mawaƙi kan buɗe waƙarsa da roƙonsu. Aflatun ya kai maganar ƙarshe, domin a ganinsa mawaƙi ba da sani yake waƙa ba, ƙarfin ne ke ratsa shi kamar yadda maganaɗisu ke ratsa zoben ƙarfe ya kamo wani zoben. Sai dai a tatsuniyar Girkawan akwai wani ɗan abu da akan tsallake: uwar da ta haifi waɗannan tara, ma'anar sunanta Tunawa. A ƙasar Hausa ma idan fasahar mutum ta wuce misali sai a ce ai ba shi kaɗai ba ne, yana da mutanen ɓoye, ko an ba shi sha.

Labarin Burda ya fi kowanne yaɗuwa a tsakanin almajirai. Imam Busiri na Masar, wanda ya rayu a ƙarni na 13, ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, ya tsara ƙasidar Burda ta yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi mafarki an lulluɓe shi da mayafi, ya farka da lafiyarsa. Ko a cikin wannan ruwaya, ƙasidar ta riga mafarkin, kuma wanda ya tsara ta magatakarda ne da ya yi shekaru yana waƙa kafin ciwon ya same shi.

Babu wanda Bahaushe ya fi danganta wa saukar waƙa kamar Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923, ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, aka binne shi a Daura. Bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ba. Daga wasannin dandali na samartaka ya faro, ya yi tallan goro da alewa, sannan ya rungumi waƙa fiye da shekara hamsin, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Abin da ya shahara da shi shi ne ƙira nan take. Ya ga mutum yanzu, ya ji sunansa, kafin a yi haka waƙa ta tashi, kuma ba ta yi kama da abin da aka haɗa cikin gaggawa ba. Shi ya sa maganar aljannu ta bi shi har kabari.

Amma wanda ya saurari fayafayansa da kunnen nazari zai ji yadda ginin yake. Masu kalangu su ne ke shimfiɗa ƙasa. Kalangu ganga ce da ake matse tsarkiyarta a hammata, sautin ya hau ko ya sauka, ta yadda take iya bin hawa da saukar muryar Hausa, saboda haka tun kafin a furta kalma kiɗan ya riga ya yanka wa magana tsawonta. Sai Shata ya jefa gindin waƙa, gajeren layi mai sauƙin kamawa, 'yan amshi su cafe. Daga nan duk lokacin da ya kai ƙarshen ɗan waƙa, su ne za su maimaita gindin. Waɗannan 'yan daƙiƙoƙi da amshi ke ci su ne ɗakin aikinsa. A cikinsu yake numfasawa, a cikinsu yake auna ɗan da zai biyo. Idan sabon bai nuna ba, ba ya tsayawa shiru. Sai ya sake maimaita wanda ya wuce da ɗan sauyi, ko ya kira sunan wani daga cikin makaɗansa, ko ya yi wa kansa kirari, har abin ya zo. Mai sauraro yana jin armashi, jagora kuwa lokaci yake saye.

Sannan akwai rumbun da yake ɗiba. Kirarin sarautu da na sana'o'i, sunayen garuruwa a jere yadda suke a kan hanya, karin magana, addu'ar da ta dace da attajiri da wadda ta dace da basarake, zambon da ake yi wa ɗan hamayya, duk suna ajiye, an riga an gwada su sau ɗaruruwa a kan wannan kiɗan. Maroƙin da ke gefe kuma yana kawo sunan uba da na gari da abin da aka bayar. Faɗin wannan ba rage wa Shata daraja ba ne. Mawaƙa da yawa suna da rumbu irin wannan, ba su zama Shata ba. Inda ya yi musu fintinkau shi ne zaɓi: cikin abubuwa hamsin da za su iya shiga gurbi guda, ya ɗauko wanda ba a zata ba, ya kuma zauna daram, cikin ƙiftawar ido. A wannan zaɓin ne ilhamarsa take, kuma ba ta da abin zaɓa in ba a tara ba.

An ga irin wannan a wata ƙasa mai nisa. Tsakanin 1933 da 1935 wani Ba'amurke mai suna Milman Parry ya yi ta ɗaukar muryoyin mawaƙan baka a tsohuwar Yugoslabiya, waɗanda ke rera labaran yaƙi da gogensu mai tsirkiya ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, Avdo Međedović, ya rera waƙar da ta haura layi 12,000. Almajirin Parry, Albert Lord, ya fitar da sakamakon a 1960. Sun gano cewa mawaƙan ba haddar waƙa suke yi kalma da kalma ba, gaɓoɓin magana suka mallaka waɗanda suka dace da karin, suna ɗinka su a fage. Mawaƙi kan rantse cewa yadda ya rera jiya haka ya rera yau, a saurari faifai a tarar da bambanci mai yawa. Ba ƙarya ya yi ba. Shi kansa ba ya ganin ɗinkin da yake yi.

Makaɗan fada ba su ma ɓoye nasu shirin ba. Waƙar sarki ba a barinta sai ranar hawa. Jagora kan kawo gindi, a zauna a gida da kotso ko taushi, wannan ya ƙara ɗa, wancan ya gyara, a yi ta bita har kowa ya san inda zai karɓa da inda zai yi ƙari. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, tun yana yaro yake bin mahaifinsa, sannan ya yi shekaru a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna kafin ya ja ƙungiyarsa. Amshi makaranta ce. Yaron da ya shekara goma yana maimaita gindin waƙar wani, kari ya riga ya shige masa jini, ranar da za a ce tasa ta sauko masa, a kan wannan karin za ta sauka.

Masanan adabin Larabci sun daɗe da fahimtar haka, duk da labaran Abƙar. Ana ba da labarin cewa Abu Nuwas ya nemi izinin fara waƙa daga malaminsa Halaful Ahmar, malamin ya ce sai ya haddace waƙoƙin magabata dubu. Da ya haddace ya dawo, sai aka ce ya je ya mance da su, sannan ya fara tasa. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya mayar da wannan ƙa'ida a cikin Muƙaddima. A wurinsa sharaɗin farko ga mai son waƙa shi ne yawan hadda daga zaɓaɓɓun mawaƙa, har wani masaƙi ya kafu a zuciyarsa wanda zai riƙa saƙa a kai. Ya kuma ambaci ra'ayin cewa a bar lafazin abin da aka haddace ya shuɗe, domin muddin yana kan harshe shi za a riƙa maimaitawa. Abin da ake so ya rage shi ne sawun. Wannan bayani ya warware dalilin da ya sa ilhama ke zuwa kamar baƙuwa: kayan mutum ne da ya mance inda ya samo su, suka dawo masa cikin wata kama.

Tarihin ƙagaggun labaran Hausa ya nuna wani ɓangaren, wato ilhama tana amsa kira. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta labarai, ya zaga yana zuga malamai su gwada. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East ɗin. Ba a ji cewa wani cikinsu ya jira mafarki ba. An sa rana, an sa lada, suka zauna suka rubuta. Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina, kuma wanda ya san Maƙamatul Hariri zai ga inuwarta a Ruwan Bagaja: mutum biyu da ke ta karo da juna gari bayan gari, kowace haɗuwa da irin wayon da za a yi.

Magana Jari Ce ta fi fito da abin fili. A 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya, ya yi kimanin wata shida yana aikin, East ya tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da na Indiya da na Turai. Dabarar akun da ke riƙe mutum da labari don kada ya fita ya faɗa halaka tsohuwa ce a adabin Indiya da na Farisa, inda akun ke tsare matar ubangidansa. Imam ya mayar da ita fada: ɗan sarki ne ake tsarewa, waziri ne maƙiyi, yaƙi ne ya fitar da sarki daga gari. Labarin Kalala da Kalalatu yana da ɗan'uwa a tatsuniyoyin Jamus, inda kuku ke cinye kajin baƙo sannan ta tsorata shi cewa maigida zai yanke masa kunne. A hannun Imam suka zama mata da miji a gidan Bahaushe, da irin maganarsu da irin kunyarsu. Labarin Sarkin Busa ma daga wani gari na Jamus ya taso. Mai neman aibi zai ce to ina ƙirƙirar? Amsar tana bakin dubban mutanen da suka karanta littafin a firamare suka girma ba su taɓa zaton labaran baƙi ba ne. Ganin cewa wannan kuku za ta iya zama Kalalatu, da jin muryar da za ta yi magana da ita, ba ya cikin ko ɗaya daga littattafan da aka tara masa. Shi ne rabon ilhama a aikin, kuma wata shida na zaman tebur ne suka ba shi wurin sauka.

Bayani mafi tsari a kan yadda abin ke gudana daga wajen masu lissafi ya fito. Henri Poincaré, Bafaranshe, ya ba da labarin kansa a wata lacca a Paris a 1908. Ya yi kwana goma sha biyar yana fama da wata matsala, kullum ya zauna awa ɗaya ko biyu, ba ci gaba. Wani dare ya sha baƙin kofi, abin da bai saba ba, barci ya ƙi, dabaru suka yi ta karo a kansa har ya sami bakin zaren. Bayan haka ya bar garin Caen ya bi wata tawagar masu nazarin duwatsu, ya mance da lissafi. A garin Coutances, yana ɗora ƙafa a matakalar keken doki da zai ɗauke su, sai wata babbar alaƙa tsakanin aikinsa da wani reshen lissafi ta bayyana masa. Bai tsaya ya gwada ba, ya zauna ya ci gaba da hirar da ake yi, amma ya ji tabbas a ransa. Sai da ya koma gida ya bi ta daki-daki ya ga haka ne.

Daga irin wannan shaida Graham Wallas na Ingila ya fitar da matakai huɗu a 1926. Na farko shiri, wato tara kaya da fama da matsalar har a gaji. Na biyu kwanci, kamar na kaza, lokacin da aka kau da kai amma aiki na tafiya a ɓoye. Na uku ƙyanƙyasa, ita ce ilhamar. Na huɗu tantancewa. A aikace matakan ba sa bin layi haka, sukan koma baya su sake zagayowa sau da yawa cikin aiki ɗaya, kuma ga mai ƙira a fage irin Shata duk huɗun na iya dunƙulewa cikin amshi guda. Amfanin rabon shi ne ya nuna cewa ƙyanƙyasa ita ce mafi gajarta, ita ce kuma kaɗai ba a iya yi da gangan. An gwada batun kwanci a Jami'ar Lübeck ta Jamus, aka buga sakamakon a 2004. An ba mutane wani aikin lambobi mai ɓoyayyar gajeriyar hanya, aka bar su suka fara, sannan wasu suka yi barcin awa takwas, wasu suka zauna ido biyu. Cikin waɗanda suka yi barci kusan shida cikin goma sun gano hanyar, cikin sauran kuwa kimanin biyu cikin goma. Wani ɓangaren gwajin ya fi wannan muhimmanci: waɗanda suka yi barcin ba tare da sun fara taɓa aikin ba, barcin bai ƙare su da komai ba. Kaza ba ta kwanci a kan wofi.

Labaran saukar fasaha kuwa sai an yi musu tankaɗe, domin suna ƙara kyau da tsufa. Mawaƙin Ingila Coleridge ya buga wata waƙa mai layi 54 a 1816, ya ce cikin barci ta zo masa cikakkiya, layi ɗari biyu zuwa ɗari uku, yana cikin rubutawa wani baƙo ya katse shi, sauran suka ɓace. A 1934 wani kwafi da ya rubuta da hannunsa ya fito fili. Kalmomi da dama sun bambanta da wanda aka buga, alamar an yi gyara, kuma a jikin takardar bai ce barci ba, ya ce wani irin gyangyaɗi ne bayan ya sha banju saboda ciwon ciki. Shi da kansa ya faɗi cewa littafin tafiye-tafiye yake karantawa a kan sarkin da waƙar ke magana a kansa kafin abin ya zo.

Dalilan wannan ƙari ba su da wuyar ganewa. Akwai na kasuwa, domin mawaƙin da aka yarda yana da mutanen ɓoye ana shakkarsa, ba a hana shi, ɗan hamayya kuma yana karaya tun kafin a shiga fage. Akwai na tunawa, domin daƙiƙar da abu ya haska tana zama a rai, shekarun bita kuwa duk kamarsu ɗaya, ba mai ba da labarinsu. Amma idan mai fasaha Bahaushe ya ce Allah ne ya ba shi, wannan magana ce daban, ba ta kore aiki ba. Manomi ma haka yake faɗa ranar da ya cika rumbu, ga kuwa kanta a tafin hannunsa.

Abin da ke tayar da ilhama ba ya ƙirguwa, amma yawanci abu ne da ya taɓa mutum ko ya matsa masa. Rashi ya sa Nana Asma'u ta tsara marsiyyoyi, har da ta ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837. Muhawarar makomar Arewa ta haifar da Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta Sa'adu Zungur. Ɗan Maraya Jos kuwa ido ya sa a kan mutanen da ba a yi wa waƙa, irin su karen mota, ya ɗauki kuntiginsa. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana ƙarami, a ka yake tsara Imfiraji yana rerawa wasu su rubuta, abin da ke nuna cewa kunne da hadda sun isa su zama magudanai. Marubuta waƙa da yawa ma da kari suke farawa, su yi ta gunguninsa, na wata waƙar baka ko na ƙasidar Larabci, kafin kalma ko ɗaya ta zo.

Akwai kuma ranar da rijiya ke ƙafewa. An ruwaito daga Farazdaƙ, duk da girmansa a zamanin Banu Umayya, cewa wani lokaci cire masa haƙori ya fi masa sauƙi da ya faɗi baiti ɗaya. Shawarar Ibn Haldun a nan ita ce kada a tilasta, a bari sai wani lokaci. Ya yaba wa keɓewa, da wuri mai ruwa da furanni, da sanyin safiya bayan an tashi daga barci ciki bai cika ba. Duk hanyoyi ne na ba kwanci dama. Hanyar da ba ta da kyau ita ce ta neman abin a cikin kwalba ko ƙwaya ko hayaƙi, wadda ta ci matasa masu fasaha da yawa. Abin maye yana kwance wa mutum birkin da ke hana shi furta abin da ya zo, sai ya ɗauka ƙofa ce ta buɗe, alhali mai tantancewa ne ya yi barci. Coleridge ɗin da ake kafa hujja da shi ya ƙare rayuwarsa a gidan likita yana fama da banju, da tarin ayyukan da bai gama ba.

Matakin tantancewa shi ne inda hukuncin malaman usulu ya dawo. Jin tabbas ba shaida ba ne. Poincaré ya yarda cewa wannan jin ya sha yaudararsa, musamman a kan dabarun da ke zuwa yana kwance tsakanin barci da farke. Saboda haka abin da ya faɗo, farko dai a kama shi kafin ya tsere. Da a bakin 'yan amshi ake ajiyewa ko a gefen takarda, yau mawaƙan situdiyo a Kano da Kaduna wayarsu suke ɗaukowa su yi gunguni a ciki. Sannan a sa shi a ma'auni. Zuhairu bin Abi Sulma ya shahara da ƙasidun da ake kira na shekara, domin an ce wata huɗu yake tsarawa, wata huɗu yana gyara, wata huɗu yana karanta wa masana kafin ya fitar, har aka yi wa irinsa laƙabi da bayin waƙa. Marubucin waƙar Hausa yana da nasa ma'aunin: ya rera baitin ya ji ko kari ya karye, ya duba ko amsa-amo ya tilasta masa kalmar da ba ita yake nufi ba, ya ga ko ɗango na biyar a ƙwar biyar ya rufe ma'ana ko cike gurbi kawai ya yi. Mai ƙira a fage ba shi da wata huɗu, amma yana da alƙalai a bayansa da gabansa. Idan gindin bai zauna a bakin 'yan amshi ba, ko ya zaga sau biyu sau uku fage bai motsa ba, jagora kan yi wa masu kalangu alama a sauya kiɗa, wannan gindin kuma ba a sake jinsa.